Sojan Roba Ya Sa Alkyabba

Idan ruwan tabkin Madarunfa ya fara ja da baya bayan kaka, yakan bar baƙar laka mai danƙo a bakinsa. Masu noman rani suna bin ta da iri, yara kuma suna bin ta da hannu. Abin da yaro ke fitarwa daga lakar nan sananne ne tun kaka da kakanni: bijimi mai tozo da ƙaho, doki da mahayinsa, raƙumi mai dogon wuya da aka soka wa tsinke a ciki don kada ya karye. A jera su a inuwa su sha iska, don rana mai zafi tsattsaga laka take yi, sannan a fito da su a kafa garke ko a ja daga. In an girbe gero da dawa kuma, kara ya zama mota, ya zama tabarau, ya zama jirgin sama. Ba a taɓa buɗe makarantar wannan aiki ba. Ƙane ne ke kallon hannun wansa har nasa ya faɗa.

Garin yana kudu da Maradi da tafiyar kilomita 20 da ɗoriya, ba nisa da hanyar da ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Jibiya a jihar Katsina. An fi saninsa da tabkinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda tun 2006 Nijar ta shigar da su, tare da tabkin da gandun dajin, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Kusancin iyaka kuma yana da nasa tasirin har a wasan yara. Duk abin da ya sauka a kasuwannin Kano ko a shagunan Alhazan Maradi ba ya daɗewa bai iso teburin ɗan koli a nan ba, kuma gab da Salla kayan wasan roba na ƙasar Sin su ne kan gaba: bindigar ruwa, mota, ƴar tsana mai gashi ruwan zinariya, da leda cike da ƙananan sojoji.

Sojan nan tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Kore ne daga kwalkwali har takalmi, bindigarsa a manne da ƙirjinsa, ƙafafunsa a kafe kan ɗan faifai don ya iya tsayuwa. Ba shi da suna, ba shi da labari, kuma duk waɗanda ke cikin ledar fuskarsu ɗaya. Da yawan irin waɗannan kaya daga masana'antun yankin Shantou suke fitowa, a kudancin Sin, inda inji ke tura narkakkiyar roba cikin zubi ya fitar da dubbai a yini. Yaron da ya saye shi kuwa, kansa cike yake da wasu mutane daban. Ya ga Spider-Man yana lilo tsakanin benaye a wayar yayansa, ya ga Superman, ya ga Black Panther, wasu ma da muryar Hausa, tunda masu fassarar finafinai na Kano sun daɗe da sa jaruman Indiya da na Amurka magana da harshenmu, masu tura fim a waya kuma suna raba su lungu-lungu. Mutum-mutumin Spider-Man na ainihi, mai hatimin kamfani, ba ya zuwa teburin ɗan koli, in ma ya zo ya fi ƙarfin goron Salla. Sai yaro ya dubi sojan da ke hannunsa, ya nemo reza.

Sana'ar da ke da ma'abota a duniya

Abin da zai yi daga nan, akwai manya masu gemu a Turai da Amurka da Japan da ke raba dare a kansa. A 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da G.I. Joe, soja mai tsawon inci 12 wanda gaɓoɓinsa ke lanƙwasa. A 1972 wani kamfani mai suna Mego ya fara sayar da su Superman da Batman masu tsawon inci 8, da wata dabara ta rage kashe kuɗi: gangar jiki iri ɗaya ce ga jarumai da yawa, kai da tufafi kawai ke bambanta. Da yara suka gane haka, sai suka fara cire kan wannan suna ɗora wa wancan, iyaye mata suna ɗinka musu sabbin riguna, suna samar da jaruman da kamfani bai taɓa yi ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƴan mitsi-mitsin mayaƙa masu tsawon milimita 28 da ake jerawa kan tebur ana wasan yaƙi da su, irin na Warhammer da ya fito a Ingila a 1983, waɗanda ake sayarwa ba fenti, mai saye ne zai yi musu ado da hannunsa. A 2002 HeroClix ya kawo jaruman littattafan zane cikin wannan wasa na kan tebur.

Dalilin gyaran a ko'ina ɗaya ne. Jaruman littattafan zane dubbai ne, kamfani kuwa wanda zai sayu kawai yake ƙerawa. Wanda zuciyarsa ke kan wani jarumin da aka manta, ko wanda kuɗinsa bai kai ba, shi zai yi wa kansa. Ma'abota abin a can suna da kayan aiki na musamman: wuƙa mai ɗan siririn baki, burushin da gashinsa bai fi ƙirgawa ba, da wani danƙo mai kashi biyu, ɗaya rawaya ɗaya shuɗi, wanda in an murza su tare sai ya koma kore, ya ba ka ƴan sa'o'i kana sarrafa shi kafin ya daskare. Akwai kuma Milliput, da aka fara yi a 1968, ake kuma yin sa a yankin Wales. Babu ko ɗaya daga cikinsu a kasuwar Madarunfa. Sai dai kusan kowannensu yana da ɗan'uwa a garejin bakanike, ko a rumfar mai gyaran waya, ko a ƙarƙashin keken tela.

Aikin da kansa

Da wanka ake farawa. Roba takan fito daga masana'anta da ɗan maiƙo a jikinta, wanda ake shafa wa zubi don kada ta manne, kuma maiƙon nan shi ke sa fenti ya ɓare bayan kwana biyu. Ruwa da omo da tsohon burushin haƙori sun isa. In ya bushe, sai a bi layin da ya ratsa jikin sojan daga kai har ƙafa, inda ɓangarorin zubi biyu suka haɗu, a kankare shi da bayan reza. Mai gaggawa yakan tsallake wannan, ba zai ga kuskurensa ba sai fenti ya hau, layin ya fito ɓaro-ɓaro ya raba fuskar jarumin biyu.

Sannan yanka. Bindiga ta tafi, jakar baya ta tafi, aljifan harsashi su tafi, a fere bakin kwalkwali kaɗan-kaɗan har kai ya koma mulmulalle. A nan ne mai aiki ke gane irin robar da ke hannunsa, don iri biyu ce ta fi yawa. Akwai mai taushi, wadda in ka tsoma ta cikin ruwan zafi na ɗan lokaci sai ta saki jiki, ka lanƙwasa hannu ko ƙafa yadda kake so, ka tsunduma ta cikin ruwan randa ta tsaya a haka. Da wannan dabarar hannun da ke riƙe da bindiga yake miƙewa gaba ya zama na mai harba saƙar gizo. Akwai kuma mai santsi, dangin robar jarka, wadda ba ta jin gam ko kaɗan. Ita sai da ƙusa a ciki: a gasa bakin allura a huda kafaɗa, a huda hannun da aka yanke, a soka guntun waya tsakaninsu, sannan a sa gam a bakin haɗin. Siririyar wayar tagulla da ake zarowa daga tsohuwar caja ta isa wannan aiki.

Bayan yanka jiki yakan cika da ramuka, ga shi kuma soja siriri ne, jarumin littafin zane kuwa sai da faɗin kafaɗa da ƙwanji. Nan ne ake zuwa wurin bakanike, mai gam ɗin nan na bututu biyu da ake liƙe lagireto da shi. Irin maganar da za ka ji a bakin gareji ba ta wuce haka:

"Baba, in ka gama da gam ɗin nan, don Allah a sam mini ragowar."

"Kai kuma me za ka liƙa, ɗan nan?"

"Ƙirji zan yi wa mutumina."

"To matso, kafin ya daskare. Kada ka sa a baki."

Ɗan abin da ya rage a kan kwali ya ishi ƙirji da damatsa biyu. Ana jira ya fara kauri, a ɗora da tsinke, a jiƙa yatsa da ruwa a lallaɓa shi. Masu gyaran waya kuma suna da tasu hikimar: su zuba tankaɗaɗɗiyar toka ko garin katako a rami, su ɗiga masa sufagulu, nan take ya zama dutse. Gobe in komai ya bushe, sai samfefa mai laushi ta bi ta daidaita.

Matakin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne shafen farko. Magini ba ya zana dagi a bangon da bai sha yaɓe ba, haka fenti ba ya zama a kan tsirarar roba. A niƙa alli ya yi laushi, a kwaɓa da farin gam na kafinta da ɗan ruwa, a shafa siriri, a bari ya bushe, a sake. Masu zane a Turai suna sayen kusan wannan haɗin a kwalba da tsada. Amfaninsa biyu ne: yana ba fenti wurin kamawa, kuma yana rufe koren soja, wanda in ba haka ba zai riƙa leƙowa ta ƙarƙashin ja ya mai da shi ruwan ƙasa.

Kan fenti akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Abin da ke kusa da hannu shi ne ragowar fentin mai na ƙofa, ko jan farcen yaya. A kan roba mai taushi fentin mai ba ya bushewa da kyau, domin sinadarin da ke sa robar laushi yana narkewa cikinsa, sai ka ga bayan mako guda jarumin yana danƙo, ƙura da gashi duk sun manne masa. Fentin ruwa ya fi, irin na masu rubuta allon shago ko na ƴan lakwal, a tsinka shi sosai a shafa sau biyu ko uku. Shafe ɗaya mai kauri yana cike idanu da yatsu, ya mai da mutum dunƙule. Sannu ba ta hana zuwa. Lokacin hunturu fenti na bushewa da wuri, amma iskar na ɗauke da ƙura, don haka ake kifa gwangwani ko ƙoƙo a kan aikin tsakanin shafe da shafe.

Daga nan sai aikin ido da numfashi. Ja a kai da ƙirji da safar hannu da takalma, shuɗi a cinyoyi da gefen jiki. Idanu fari ake fara sawa, a bari ya bushe, sannan a kewaye shi da baƙi. In ka fara da baƙi, fari ba zai rufe shi ba. Layukan saƙar gizo sun fi ƙarfin kowane burushi da ke garin, amma ƙayar aduwa da aka tsoma a tawada tana jan layin da ya kai silin gashi. Mai aikin yakan dafe gwiwar hannu a cinya, ya haɗa tafukan hannayensa biyu don su daina rawa, ya riƙe numfashi har layi ya kai ƙarshe. Wanda ya ƙware yakan ƙara abu ɗaya: ya tsinka tawada da ruwa har ta kusa zama ruwa zalla, ya shafe jikin duka, ta gangara cikin lungunan ƙwanji ta kwanta, sai ka ga inuwa ta fito, jiki ya yi tsari. In jarumin mai alkyabba ne, ƙyallen da ya faɗo daga almakashin tela ya wadatar. A tsoma shi cikin gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa, a manna a kafaɗa, a tallafe gefensa da tsinke har ya bushe, sai ya tsaya a buɗe ka ce iska ce ke kaɗa shi.

Iyaye su kula da abu huɗu a nan, don ba wasa ba ne. Reza waje ake tura ta, ba wajen yatsa ba. Kada yaro ya ƙona roba da wuta don ya lanƙwasa ta, hayaƙinta guba ne, ruwan zafi ya isa. Sufagulu in ya haɗu da auduga zafi yake yi har ya ƙona fata. Sannan kada a gyara bakin burushi da leɓe, domin wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, kuma duk wanda ya ji abin da gubar dalma ta wuraren haƙar zinariya ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya san jikin yaro ba ya jure ta.

Wa ya yi wa yaron rabin aikin?

Me ya sa ɗan shekara 10 zai mai da soja Spider-Man da ƙaya da alli, har ƙanensa ya gane shi tun daga bakin zaure? Don wani ya riga ya yi masa aikin da ya fi wuya. Lokacin da Steve Ditko ya zana jarumin a 1962, Stan Lee yana rubuta labarin, alamomi kaɗan ya ba shi: ja da shuɗi, manyan fararen idanu masu baƙin gefe, da saƙa. Superman, da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938, jar alkyabba ce da harafi ɗaya a ƙirji. Batman na 1939 kunnuwa biyu ne masu tsini. Ko inuwarsa ka gani a bango ka san shi. Mujallun wancan zamani a kan takarda mai arha ake buga su da tawada kala huɗu, don haka masu zane suka riƙe launuka masu ƙarfi da siffar da ba ta ɓacewa ko bugu ya yi muni. Aka maimaita siffar nan sau dubbai ba ta canza ba, har ta zauna a idon duniya. Hannu ko bai ƙware ba, in ya kawo alamomin Spider-Man ɗin nan uku, ya isa.

To, ce wa yaron nan ya yi maka Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarautar Katsinawa a Maradi bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Ko Bayajida a bakin rijiyar Kusugu. Ko Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda a 1899 ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine, rundunar da ta ƙone garuruwa a kan hanyarta har ta wargaje a watan Yulin shekarar a wajejen Maijirgi, cikin wannan jiha ta Maradi. Zai yiwu ya san sunayen, ya ma iya kawo maka labarin. Amma wane launi zai ɗauka? Wace alama zai sa a ƙirji? Jarumanmu a kunne suke zaune, cikin kirari da take da tatsuniya da waƙar makaɗa. Gizo ma, wanda kowane yaro ya san wayonsa da tsamin bakinsa da matarsa Ƙoƙi, in ka tara yara goma ka ce su zana shi, siffa goma za ka samu.

Shi ya sa ba na cikin masu ganin jarumin Amurka a hannun yaro su ce al'ada ta lalace. Kwaikwayo shi ne ƙofar kowace sana'a, kuma yaron da ya iya fitar da ƙwanji da gam ɗin lagireto ya koyi lura da jikin mutum, ya koyi auna rabo tsakanin kai da gangar jiki, ya koyi haƙurin jiran abu ya bushe. Abin da ke damuna shi ne ɓangaren manya. Hannun yana nan, tun mahayin dokin yumɓu da Boubé Gado ya tono a Bura, a yammacin Nijar, a 1983, wanda aka gina ƙarnuka kafin Bature ya taka ƙasar nan. Zanen da hannun zai bi shi ne ba mu tanada ba.

An yi ƙoƙari a wurare. Waɗanda suka yi lakwal a Nijar shekarun baya sun tashi da mujallar Kouakou, da ta fara fita a 1966, da ƙananan littattafan Akim da Zembla da ake musaya hannu da hannu, duk daga Faransa. A Najeriya an buga Powerman daga 1975, baƙin jarumi mai ƙarfin gaske wanda saran maciji ne kawai lagonsa, amma Turawan Ingila biyu ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland. A 2013 Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas, daga baya Roye Okupe kuma ya fito da Malika, sarauniya mayaƙiya da ta ɗauko kama daga Amina ta Zazzau. Taofick Okoya ya ƙera ƴan tsana baƙaƙe masu suna Queens of Africa, ciki har da Bahaushiya mai suna Azeezah. Duk aiki ne mai kyau, sai dai yawancinsa da Ingilishi yake, farashinsa na manyan birane ne, kuma bai ƙetaro Jibiya ba.

Mutumin N'Dounga

Wanda ya fi kusa da yaron Madarunfa ɗan ƙasarsa ne. An haifi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai, kuma kanikanci ya fara koya. Tun yana saurayi yake yanka kwali ya fitar da mutane da dabbobi, ya kunna fitila a bayansu, inuwarsu ta faɗa kan ƙyalle, jama'a su taru su kalla. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, ya dawo ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki.

A shekarar kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, fim ɗin da ya taɓa ainihin maganarmu. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka sa kayan, suka canza sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa har abin ya kai ga zubar da jini a tsakaninsu. Zalika Souley tana cikin waɗanda suka fito a ciki. Alassane ya ga abin da rigar aro ke yi wa matashi in ya ɗauke ta da gaske, kuma bai tsaya ga nuna illar ba. Ya koma ɗakin aikinsa ya ƙera nasa mutanen da waya da ƙyalle da katako. Samba le grand na 1977 da irin waɗannan ƴan tsana ya yi shi, yana motsa hannu ɗan kaɗan, ya ɗauki hoto, ya sake motsawa, ya sake ɗauka, har hotuna su taru su zama tafiya. A fim ɗinsa Kokoa kuma, filin kokowa ya gina sukutum, da ƴan kallo da makaɗa, inda kwaɗi da hawainiya da sauran dabbobi ke kama juna. Ya yi shekaru masu yawa a Tawa yana wannan aiki, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Kyamarar da ya sha wahalar samu, yau kusan kowace wayar hannu tana yin aikinta. Da za a nuna Kokoa a makarantun Madarunfa da Gabi da Safo da Jiratawa, yara da yawa za su gane cewa abin da suke yi a bayan ɗaki yana da gaba.

Akwai tambayar da uba a ƙasar Maradi zai yi kafin duk wannan, kuma tambaya ce mai nauyi: ya halatta? Malaman mazhabar Malikiyya sun hana ƙera cikakkiyar siffar abu mai rai wadda take da inuwa, amma sun keɓe ƴan tsanar da yara mata ke wasa da su. Hujjarsu ita ce Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasa a ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikinsu har da doki mai fukafukai na ƙyalle. Da ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, shi kuma ya yi dariya. Malamai sun yi saɓani kan iyakar wannan sassauci, kan yara maza, kan babba da ya mai da abin sana'a, da kan abin da ake ajiyewa don ado. Wasu sun fi natsuwa in ba a fitar da fuska ba. Magana ce da kowane gida zai kai gaban malaminsa, kuma ya kamata a kai ta da cikakken bayanin abin da yaron ke yi, kada a ƙwace a jefa a murhu kafin a tambaya.

Da za a ce in zaɓi jarumin da za a fara da shi, ba zan yi nisa ba. A 1975, a Tawa, aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko, kuma ɗan Maradi ne ya ɗauki takobi, Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokowar Maradi ke ɗauke da sunansa. Har yau in jihohi 8 suka kawo ƴan kokowa goma-goma, kasuwa kan yi shiru, kowa na jikin rediyo ko talabijin, kuma yaran da ba su san Ditko ba sun san Isaka Isaka na Doso da yawan takubban da ya ci. Ɗan kokowa kuwa ya riga ya zo da duk abin da mai zanen jarumi ke nema: faɗin ƙirji, tsayuwa mai ban tsoro da gwiwa a lanƙwashe da hannu a buɗe, guru a ƙugu, kambu a damtse, layu a wuya, kirari a baki. Sojan roba ya fi sauƙin zama shi fiye da zama Spider-Man. A fere kwalkwali, a gina kafaɗa, a tsoma shi a ruwan zafi a durƙusar da shi kaɗan, a roƙi baduku yankakken fata a yi walki, a naɗa zare a yi guru, a yanka ƴan murabba'ai a jera layu. Mahayin lifidi na hawan Salla ma haka, da kwalkwalinsa da mashinsa. Yarinyar da ta saba yi wa ƴar tsanarta kitso da ɗinki kuwa, ita ta fi kowa cancantar fitar da Sarauniya.

Abin da ya rage shi ne takarda ɗaya. Gidajen buga littattafan zane suna ba kowane mai zanensu shafin da aka zana jarumi ta gaba da ta gefe da ta baya, da launukansa da alamominsa, don kowa ya fitar da shi iri ɗaya. Irin wannan shafi mai rubuta allon shago a Maradi zai iya yin sa, mushen lakwal ya buga shi a injin kwafi ya raba, a haɗa da gajeren labari da Hausa, wadda tun watan Maris na 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar. Kafin a zana Kantu sai an nemi yardar iyalinsa, an tono tsofaffin hotuna a gidaje da shagunan masu hoto, an zauna da waɗanda suka gan shi a fili don su faɗi yadda yake shiga, da inda yake ɗaura kambunsa, da kamun da ya fi kayarwa da shi. Wanda yake ɗan shekara 10 lokacin kokowar Tawa, yau ya kai 60.